Katin Honorabul

Ƙasusuwan akuya ne rataye a ƙofar zauren, an ɗinke su da waya tun daga kai har kofato, iska na kaɗa su suna ƙwas-ƙwas. Mutanen Moriki sun daɗe da daina tsoronsu. Kowa ya san aikin Naja'atu ne, 'yar Mainasara maɗori, wadda tun tana ƙarama take bin mahauta tana roƙon ƙashi maimakon nama. A ƙarƙashinsu take tsaye da hantsin nan, wayar salula a hannu, tana duba shafin jami'a.

"Sunayen sun fito?" in ji Mainasara, yana murza wa wani manomi kafaɗa da man shanu.

"Sun fito, Baba. Ba likitanci sunka ba ni ba. Ilimin tsirrai."

"Ganye ke nan?"

"Ganye."

Karo na uku ke nan tana neman gurbin likitanci. Shekarar farko makinta bai kai ba. Ta biyu 'yan bindiga suka tare hanya ranar tantancewa. Bana kuwa ta ci makin da malamanta suka tako har gida suka yi mata addu'a. Mainasara bai san kan lambobin ba. Abin da ya sani shi ne, in ya kama karyayyen hannu, yarinyar nan takan faɗi inda ƙashin ya tsage kafin yatsunsa su gano.

Da azahar Armiya'u ya zo, ƙanen matarsa, direban wani Honorabul a Ƙaura.

"Yaya, kai ma da gangan kake. Maki ka shiga da mutum jami'a? Kati ka shiga da shi! Ƙafar da maigidana ke takawa wa ya ɗora ta? Ka tahi ka buɗe baki kawai."

Shekara uku da suka wuce mota ta kife da Honorabul a hanyar Shinkafi, aka ce sai an yanke ƙafar, Mainasara ne ya ɗora ta cikin kwana arba'in. Amma a gidansu akwai ka'ida tun kakanni: abin da aka miƙo maka ka karɓa, ko da goro ɗaya ne, amma ba a neman ladan ɗori da baki. Mahaifinsa Yari ya gaya masa ranar da ya fara ba shi kara ya ɗaure: duk wanda ya roƙa, hannunsa ya mutu.

Ya dubi tafukansa. Ya dubi 'yarsa, tana gyara wa akuyarta haƙarƙarin da ya goce.

* * *

Tun safe Mainasara yake zaune a benci a ƙofar Honorabul, sai bayan la'asar aka shigar da shi. Mutumin ya taso yana takawa ɗas-ɗas, babu ko ɗingishi, Mainasara ya tsura wa ƙafar ido har ya kusa manta abin da ya kawo shi. Da ya tuna, maganar ta fito da ƙyar, kamar ana zare ƙaya.

"Wannan ne kawai?" Honorabul ya yi dariya. Ya zaro kati mai kauri, gefensa ruwan zinari, ya yi layi uku da koren biro. "Ta kai wa wanda na rubuta. An gama."

A motar komawa Mainasara ya riƙe katin a aljihun ƙirji. Yana ƙamshin turare. Yatsunsa kuwa sun yi sanyi, kamar na aro.

* * *

Washegari Naja'atu ta karanta katin sau biyu, ta ɗago ta dubi Armiya'u.

"Kawu, ai an ce gurabun sun cika. Ina za a sa ni?"

"Ke dai da tambaya kamar alƙali! Goge wani akai, a rubuta wani. Ba a rasa ɗan ƙauyen da bai da kowa. Sai a tura shi ganye ko ƙwari, ya..."

Armiya'u ya katse maganar. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

"Ashe haka anka yi da nawa," ta ce a hankali.

"Ɗiyata," in ji Mainasara, "na riga na roƙa. Abin da bai taɓa fita bakin ɗan gidanmu ba ya fita nawa. Kada ya zama a banza."

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, yanzu haka wata na can ta ga sunanta, uwatta na guɗa. Ni na san yadda akan ji in an duba ba a gani ba. Ba ni iya sa wata ta ji shi." Ta kama hannunsa ta juya tafin sama. "Kuma in ban kai katin ba, ba a biya ka ba. Hannunka na nan."

Mainasara ya dubi tafin, ya dube ta. Shekara sittin yana gyara abin da ya karkace, bai taɓa ganin abu miƙaƙƙe kamar yarinyar nan ba.

Suna nan aka shigo da wata tsohuwa a kan babur, Gimbiya daga Badarawa. Ta faɗi a kunyar gona tana gudun harbi, tsintsiyar hannunta ta karye. Mainasara ya miƙa hannu, ya tsaya. Maganar mahaifinsa ta faɗo masa.

Naja'atu ta riƙe gwiwar hannun tsohuwar. "Nan ne, Baba, sama da gaɓa kaɗan. Yi bisimilla ka ja."

Ya ja. Ƙashin ya koma mazauninsa da 'yar ƙara, irin wadda ya sani tun yana saurayi. Ya saki numfashi.

Da aka zo ɗaure karare, tsohuwar ta yi ƙara, fatarta ta yi laushi, karan yana cin ta. Naja'atu ta waiwaya neman abin da za ta shimfiɗa a ƙasa. Ta ɗauki katin, ta lanƙwasa shi a kan hannun, ta jera karare, ta naɗe da tsumma.

Gimbiya ta kai hannun hancinta ta shinshina. "Wannan magani naku da ƙamshi yake. Allah shi yi miki albarka, likita."

Babur ya tashi da ita. Daga ƙofar zaure Mainasara yana hango gefen zinarin yana ƙyalli tsakanin karare, har suka sha kwana. A bayansa ya ji Naja'atu ta jawo tabarma ƙarƙashin akuyarta, ta buɗe tsohon littafinta na shirin jarrabawa da bangonsa ya rabu, ta fara daga shafin farko.