Bankwanan Tavi Brebenel

Octavian Brebenel, wanda kowa a Sarmeni ke kira Tavi, ya dawo gida yana da shekara talatin da shida, da gwiwar hagu wadda aka yi wa aiki sau biyu. Ni na tarye shi a tashar jirgin ƙasa, don jaridar garinmu ta aike ni. Ban da ni babu kowa. Ya sauko da jaka ɗaya, ya duba dama ya duba hagu, sannan ya ce wataƙila mutane sun zaci a jirgin yamma zai zo.

Mutane sun san jirgin da zai zo a ciki. Mu muka buga a shafin farko.

Tarihinsa ba shi da tsawo in an rubuta. Ya fara buga wa ƙungiyar ƙwallon garinmu, Turnatorul, gaba yana ɗan shekara sha bakwai, lokacin da masana'antar narka ƙarfe ke aiki, ma'aikata na tashi su wuce fili da baƙin hayaƙi a fuska. Dogo ne, ƙwallon sama ba ta wuce shi. Aka sayar da shi Bucharest, daga nan Turkiyya, Cyprus, China, Kazakhstan. Ko'ina ya je yakan ci daidai gwargwado, amma babu inda ya daɗe har aka yi masa waƙa. Ƙungiyar ƙasa ta kira shi sau bakwai, ya ci ƙwallo ɗaya a wasan sada zumunci. Aurensa ya mutu a Cyprus. Matar tana Italiya da 'yarsu.

Abin da ya dawo nema ɗaya ne: wasan bankwana. A wajenmu, ɗan wasan da ya yi suna in zai ajiye takalmi, sai a fitar da shi kafin a tashi, 'yan wasa su yi masa layi biyu ya ratsa, 'yan kallo su miƙe suna kiran sunansa, ya zagaya fili sau ɗaya. A gida ake yin wannan. Tavi kuwa wuri ɗaya yake da shi da zai kira gida.

Sai dai Turnatorul ta zama biyu tun yana China. Tsohuwar ƙungiya ta karye, aka yi gwanjon suna da tambari. Wani mai kamfanin gine-gine ya saya, ya haɗa sabbin 'yan wasa, ya karɓi babban filin gari, ya shiga rukuni na biyu. Magoya baya suka ce wannan jabu ce. Suka kafa tasu da karo-karo, suka fara daga rukuni na huɗu, a wani fili mai taɓo bayan masana'anta, ƙetaren kogi. Kotu ta hana su suna da tambari, sai launi kawai suka riƙe, rawaya da baƙi. Kuma suka ɗauki wata ɗabi'a: duk ranar da ta jabu ke wasa a gida, su ma a ranar suke nasu, a daidai lokacin, don kada wani ya ce yana zuwa duka biyu.

Tavi ya san da rigimar. Ya ɗauka faɗan 'yan gida ɗaya ne, wanda ke mutuwa in baƙo ya shigo. An kira shi a waya yana Kazakhstan, aka aika masa hoton riga, rawaya da baƙi da guduma a ƙirji, irin wadda ya sa yana saurayi. Ya sa hannu a takardar ƙungiya mai suna.

A wasansa na farko, 'yan kallo ba su cika layi uku ba a filin da a da ake rasa wurin tsayawa. Yawancinsu iyayen 'yan wasa ne, da tsofaffi masu shiga kyauta. Ya ci da ka. Daga inda nake zaune na ji ƙarar ƙwallon a jikin raga. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Daga ƙetaren kogi kuwa ana jin ganga da waƙa, iska na kawowa tana mayarwa.

Haka aka yi ta tafiya har sanyi ya shigo ya fara fita. Yana zaune a gidan mahaifiyarsa marigayiya, a bene na huɗu. Yana cin abinci shi kaɗai a gidan abincin da ke kusa da tasha. Abokan wasansa yara ne daga wasu garuruwa, suna ce masa nea Tavi, kamar yadda ake kiran na gaba don girmamawa, suna matsa masa kujera kamar baƙon da ya zo duba ɗansa. A kasuwa ba wanda ya zage shi. Kallonsa ake yi kamar ana duban abin da ke bayansa. Wani ya rubuta "maci amana" da fenti a ƙofar benensu. Bai goge ba, maƙwabta ma ba su goge ba.

Da azumin Ista ya matso, likita ya gaya masa gwiwar ba za ta kai ƙarshen kakar wasa ba. Ƙungiya ta tsayar da Asabar ɗin ƙarshen Maris don bankwana. Sai ya kira ni, ya ce in kai shi wajen ubangidan aurensa.

Sandu Pirvan ne ya tsaya masa a coci ranar ɗaurin aure, shi ya sa Tavi ke ce masa Nashu, wato ubangidan aure, kuma mutuwar aure ba ta raba irin wannan zumunci. Tsohon ma'aikacin murhu ne, shi ne kuma jagoran ƙungiyar magoya baya. Kafin a shiga azumi akan kai wa ubangidan aure gaisuwa: babban burodi mai kitso, da kwalbar giya, da zakara mai rai. Tavi ya sayi duka. Zakaran ya yi ta shure-shure a kujerar baya har muka isa.

Sandu ya buɗe ƙofa da kansa. Ya dubi Tavi, ya dubi zakara, ya dube ni.

"Ka zo da ɗan jarida ya rubuta na kore ka?"

"Shi ke da mota, Nashu."

"Veta, kin ji? Wanda ya buga a China ba shi da mota."

Matarsa Veta ta fito tana goge hannu, ta sumbaci Tavi a kunci biyu, ta karɓi zakaran. "Wannan dai ba shi da laifi," in ji ta. "Ku shigo, sanyi na shiga."

Aka zuba miya mai tsami. Tavi ya bari sai da aka sha rabi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Nashu, ranar Asabar ɗin ƙarshen wata zan ajiye takalmi. Ku matsa da wasanku zuwa yamma. Rana ɗaya kawai."

"Mu matsa don mu yi me?"

"Ku zo."

"Mu zo mu cika wa wancan mai siminti kujeru, a ɗauki hoto, gobe ya kai kotu ya ce ga jama'ata? Kai, sha miyarka."

"Rigar ce dai, Nashu. Kai ka saya mini ta farko."

"Riga ko a jikin akuya aka sa za ta zauna."

"To ƙwallayen da na ci fa? Kotu ta ce tarihi nasu ne. In ba wajensu na je ba, ina zan same su?"

Sandu ya ajiye cokali. "Alƙalin ya ga wadda ka ci da ka ana zubar dusar ƙanƙara, ranar da muka hau rukuni na ɗaya? Ni na gani. Haƙorina biyu na bari a jikin shinge wajen murna. Ga gurbin." Ya ɗaga leɓe ya nuna. "Nan tarihinka yake, ba a aljihun ɗan kwangila ba."

"Ba yau haƙoran nan suka fara kaɗawa ba," in ji Veta daga madafa. "Kada ka ɗora wa yaro."

Ba wanda ya yi dariya sai ni.

"Da sanyi na aika maka," in ji Sandu, "lokacin da ƙofar sauya ƙungiya ke buɗe. Na ce ka zo ka buga mana ko wasa ɗaya, mu ɗauke ka a kafaɗa har gada. Ka ce za ka yi tunani."

"Rukuni na huɗu ne, Nashu. Na sa rigar ƙasa."

"Sau bakwai. Mun sani. Duk bakwai ɗin a shagon Marcel muka kalla, muna ihu kamar kana jin mu. Sau uku ma a benci ka ƙare, muka yi wa bencin ihu."

Ƙofar ta riga ta rufe, doka ba za ta bar Tavi ya sauya ƙungiya ba sai kaka ta ƙare, gwiwar kuma ba za ta jira ba. Dukansu sun san haka.

Sandu ya yanka burodin, ya miƙa masa yanki na farko kamar yadda ake yi. "Gaisuwarka na karɓa. Gidan nan naka ne. Amma wasa ba za mu matsa ba."

Ni da Tavi muka kamo hanya a mota har muka iso gada. Nan ya tambaye ni ko zan rubuta. Na ce a'a. Ya ce in na rubuta ma ba komai.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi. Mai ƙungiya ya sa an rataye babban hoton Tavi a bakin fili, ya ce shiga kyauta ne. An samu ƙari a kan na kullum, amma ɓangaren bayan raga, inda masu waƙa ke tsayawa a da, babu kowa sai tattabaru. Tavi ya samu dama ɗaya, ya sa kai, ƙwallo ta bi ta saman ƙarfe. Jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci aka ɗaga lambarsa.

An yi komai bisa ƙa'ida. Alƙalin wasa ya tsayar da wasa. 'Yan wasan ɓangare biyu suka yi layi suna tafi. Mai lasifika ya karanta sunayen ƙungiyoyin da ya buga wa, ya yi tuntuɓe a na China. Mai ƙungiya ya miƙa masa allon karramawa, ya riƙe hannunsa har mai hoto ya gama. Sannan Tavi ya fara zagayen fili, yana ɗan ɗingishi.

Yana isa bayan raga sai ihu ya tashi daga ƙetaren kogi, aka bi shi da tsohuwar waƙar Turnatorul. Ya tsaya gaban kujerun da ba kowa. Ya jingine allon a jikin shinge, bai ƙarasa zagayen ba. Ya fita ta ƙofar da motar asibiti ke shiga. Na ɗauki jakata na bi shi.

Bai sauya kaya ba. Ƙusoshin takalminsa na ƙwanƙwasa dutsen gada, wasu mata biyu da suka fito daga coci suka matsa masa hanya. Bai waiwayo ba, ko da yake ya san ina bayansa.

A ƙofar filin magoya baya Marcel ne zaune a kan tebur, mai shagon nan, da lema a kansa. Ya ga Tavi tun daga nesa, ya miƙe.

"Da wannan ba ka shiga, Tavi."

Rigar tana da sunan kamfanin gine-ginen a ƙirji, manyan haruffa ƙarƙashin guduma.

"Kallo kawai zan yi, nea Marcel."

"Ko bishop ne ya zo da ita ba ya shiga. Cire, ka wuce."

Tavi ya kama gefen rigar, ya ɗaga kaɗan, ya saki. "A cikinta na fara."

"Ba a cikin wannan ba."

Ya koma gefe ya tsaya a jikin waya. Daga nan ana ganin rabin fili. 'Yan wasan sun yi baƙi da taɓo har ba a gane lamba. Mutane sun cika ɓangarorin huɗu, wasu a kan tsohon bangon masana'anta. Na kusa da waya suka gan shi, magana ta bi layi, kawuna suka juyo, suka koma. Ba a yi masa ihu ba, ba a kira sunansa ba. Yayyafin ya ƙaru. Zufar jikinsa ta huce, ya fara rawar sanyi, ya rungume hannuwa.

Can sai ga Sandu ya ratso jama'a a hankali, ya fito ta ƙofa. Ya tsaya yana duban sa.

"An gama maka bikin?"

"An gama."

"Ka ci?"

"Ta bi sama."

"Tsufa ke nan." Ya cire babbar rigarsa ta sanyi, mai nauyi, ta zamanin masana'anta, ya miƙa masa. "Rufe wannan abin har wuya. Kada in ga ko harafi ɗaya."

Tavi ya sa, ya ɗaura maɓallai har sama. Hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba.

"Marcel, kana ganin wani abu?"

"Ina ganin dogo cikin rigar gajere," in ji Marcel. Ya koma ya zauna.

"Ka sani dai," in ji Sandu, "ba wanda zai yi maka waƙa a nan."

"Na sani, Nashu."

Suka shiga. Sandu ya koma wajensa kusa da mai ganga. Tavi bai bi shi ba. Ya samu wuri a ƙarshen layi, kusa da tutar kusurwa, inda ruwa ya kwanta, shi ya sa ba kowa. Na kusa da shi bai matsa ba, bai kuma dube shi ba.

Ana dab da tashi 'yan rawaya da baƙi suka samu bugun kusurwa. Ƙwallo ta taso sama, wani ya sa kai, ta shiga. Fili ya kaure, mutane na faɗa wa juna a jiki. Tavi ya ɗaga hannuwa zuwa kafaɗa, ya tsaya a haka. Ba wanda ya juyo ya rungume shi. Ya sauke su, ya zura cikin aljihun rigar, ya tsaya har aka busa tashi.