Kamyon da Muka Toshe Kamar Jirgi

Shekarar da nasara suka gama gadar Gaya, kowa na murna, mu muna zagi. Mu shida ne a rumfar Baba Alfari, sassaƙa jiragen fito muke yi, da shi muke ciyar da gidajenmu. To wa zai sayi jirgi, ga gada ana takawa da ƙafa har Malanbil?

Wata biyu ba mu taɓa gizago ba. Ni Jibo har na ɗaure tabarmata, zan koma Yelu noma. Baba Alfari ya ce, “Kwance ta. Ba wanda zai watse ina da rai.”

Sai ya jawo mana Yakuba mai kamyo, wato babbar motar kaya, mai kai gyaɗa Paraku. Akwatin katakon bayan motarsa ya ruɓe, yana son sabo. Baba ya ce masa, “Katako dai katako ne. Ba mu kwana goma.”

Muka yi aiki, wallahi, na gani na faɗa. Amma hannu bai manta abin da ya saba ba. Duk inda katako ya haɗu da katako, muka cusa tsumma da man kaɗe, muka daddanne, yadda ko ɗigon ruwa ba zai ratsa ba. Ba wanda ya ce mu yi.

Yakuba ya zo, ya shinshina, ya riƙe ciki yana dariya. “Baba, a kogi zan tuƙa ta? Ina filafilin?” Kai, na ji kunya! Ya ja motarsa, muka ce shi ke nan, an gama da mu.

Da damina ta sauka, sai ga shi, taɓo har gwiwa, ba dariya. Ya ce hanyar Paraku ta zama tafki. Ruwa ya riƙa fantsamowa ta ƙasan kowace mota, buhunan abokansa suka yi tsiro. Nasa kuwa a bushe ƙayau.

“Baba,” in ji shi, “ga motoci uku a bayana. Irin wancan suke so.”

Baba Alfari ya gyara hula, bai yi gaggawa ba. Ya ce, “Da filafili ko babu?”

Ya juyo gare ni. “Jibo, je ka Tunuga ka kirawo masassaƙa huɗu. Mu shida ba za mu isa ba.”

Tabarmar nan ban sake ɗaure ta ba.