Hannun Ticha Ya Motsa

"Ƙara masa kaɗan, ga shi yana amsawa," in ji ƙanin Ticha, ya sunkuya ya murɗa maɓallin da kansa.

Ina tsaye a bakin ƙofa da jakar askina. An manna wa Ticha wasu faifan roba a damtse, wayoyi sun fito daga cikinsu zuwa wani ɗan akwati da aka jona a bango. Duk lokacin da akwatin ya yi ƙara, sai naman hannunsa ya zabura, yatsunsa su ɗan lanƙwashe. Matarsa ta dafe ƙirji tana hamdala. Wata biyar ko fiye rabon hannun nan da ya motsa.

Ni fuskarsa na duba. Hawaye na gangarowa ta gefen idonsa yana shiga kunne.

Ticha maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya koyar da kimiyyar halittu a sakandare har ya yi ritaya, rabin samarin layinmu sun bi ta hannunsa. Mutum ne mai faɗa, in ka yi masa askin da bai so ba sai ya ba ka maki a gaban mutane. Ciwon ya fara ne da ɗan ƙaramin abu. Wata rana a shagona ya kasa ɓalle maɓallin wuyan rigarsa, ya yi ta fama yana tsaki, har na ɓalle masa. Daga nan cokali ya fara suɓuce masa, sai ƙafa ta fara ja. Da hawa matakalar shagon ya gagare shi, na koma bin shi gida duk ƙarshen mako.

A lokacin bakinsa na nan, kuma ya rasa ɗalibai, sai ya mai da ni aji. Ina aski yana bayani. Ya ce jijiyoyin da ke damunsa ba na jini ba ne, na saƙo ne. Kowace ƙwayar jijiya tana da doguwar jela, wata ma tun daga ƙasan gadon baya take miƙewa har babban yatsan ƙafa. In ka yi niyyar ɗaga hannu, wata 'yar wutar lantarki ce ke gudu a jikin jelar, kuma gishirin jiki ne ke haifar da ita, yana shiga yana fita ta bangon ƙwayar. Na ce ashe duk muna yawo da lantarki amma unguwa na duhu. Bai yi dariya ba, ya ce in saurara. A ƙarshen jelar, ya ce, akwai ɗan gibi, ƙwayar ba ta taɓa tsoka. Wutar ba ta tsallakewa, sai dai ta sa a fesa wani sinadari, shi ne zai ƙetare ya gaya wa tsokar ta ja.

"Nawa masu kai umarnin ne ke mutuwa, ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Masu kawo labari kuwa lafiyarsu ƙalau. Zan ji ƙuda ya sauka a hancina, zan san ƙafafunsa nawa, in kasa kore shi. Ka riƙe wannan, mai aski, don akwai ranar da ba zan iya faɗa ba."

Likitan asibiti ma haka ya gaya musu, da ƙarin cewa babu maganin da ke tayar da ƙwayar da ta mutu, sai dai a sauƙaƙa masa. Matarsa ta ji ta haƙura. Ƙaninsa, wanda 'ya'yan gidan ke kira Baba Ƙarami, bai yarda ba. Dillalin motoci ne, ya saba duk abin da ya lalace akwai mai gyaransa in ka san inda za ka je. Kuma Ticha ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, don haka ba na zargin zuciyarsa. Ya kawo man shafawa, ya kawo jiƙe-jiƙe, ya kawo mai tausa. Da harshen Ticha ya yi nauyi, magana ta koma gurnani, sannan ta ɗauke gaba ɗaya, sai gidan ya fara yi masa ihu a kunne kamar kurma. 'Yan dubiya su zauna a gefen gadonsa suna tambayar matarsa ko yana gane mutane. Mutumin da ya san sunan kowane ƙashi a jikinsu.

Ni da shi mun yi yarjejeniya tun yana iya magana: ƙifta ido sau ɗaya e, sau biyu a'a. Na gaya wa mutanen gidan ya fi a ƙirga. Matarsa takan gwada in tana ba shi abinci, amma in Baba Ƙarami na nan sai ta bari, don ya ce ai kowa ma yana ƙifta ido.

Na ajiye jakata na matsa kusa da gadon.

"Ticha, yana yi maka zafi?"

Ya runtse ido da ƙarfi, ya buɗe.

"A ci gaba?"

Sau biyu. Ya jira, ya sake yin sau biyu.

Na juya na gaya wa Baba Ƙarami abin da yayansa ya koya mini, yadda na iya. Na ce akwatin tsokar yake fizga kai tsaye, ba Ticha ne ya motsa hannun ba, kuma duk wutar nan yana jin ta. Ya ce wanda ya sayar masa ya yi bayani, jijiyoyin ne suka yi sanyi, caji suke so, hawayen kuwa alamar jini ya fara gudu ne. Na ce ga mai jikin nan, a tambaye shi. Ya ce da ido za a tambaye shi? Sai ya sake kai hannu ga maɓallin.

Ban san lokacin da na fizge wayar daga bango ba.

Baba Ƙarami ya miƙe. "Kai aski aka kira ka. In ka gaji da shi, mu ba mu gaji ba. Ɗauki jakarka."

Na dubi matar Ticha. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Na fita.

Makonnin da suka biyo baya sun fi komai ci mini rai. Tagar ɗakinsa na kallon tsakar gidana. Da safe in ina wanke baki sai in ji ƙarar akwatin, zzz, ya tsaya, zzz. Matata ta ce in je in ba da haƙuri. Na je, Baba Ƙarami ya karɓi gaisuwata a waje, ya ce Yaya na hutawa. Na samu limamin layinmu, ya ce sha'anin iyali ne, amma zai yi magana. Ko ya yi ko bai yi ba, ƙarar ba ta daina ba. A shago na riƙa yi wa mutane tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har na yanki wani a bayan kunne.

Wata ranar Talata da hantsi matar Ticha ta leƙo shagon da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce Baba Ƙarami ya yi tafiya ɗauko mota, gemun Malam kuma ya yi yawa. Ta ce ta ɓoye akwatin a cikin kwandon wanki.

"Na tambaye shi yadda ka ce," ta faɗa a hankali. "Na tambaye shi ko kai yake so. Bai bari na ƙarasa ba."

Na rufe shagon na bi ta. Ya rame ƙwarai, numfashinsa gajere, kafaɗunsa na ɗagawa da kowane ja. Ya taɓa gaya mini tsokar numfashi ma umarni take jira kamar sauran. A damtsensa akwai jajayen tabo zagaye-zagaye. Na tallafi kansa na fara aski, ina ba shi labarin layi: wanda ya yi aure, wanda aka kama da kajin mutane. Da na gama na riƙe masa madubi, na tambaye shi ko askin ya yi.

Ya ƙifta sau biyu.

Matarsa ta yi dariya har ta zauna a bakin gado, dariyar ta juye ta zama kuka. Na gyara masa gefen hagu, inda dama na san na bar shi a karkace.

Ya rasu bayan kwana kaɗan, da la'asar, matarsa na riƙe da hannunsa. Baba Ƙarami ya iso ana shirin wanka. Bai dube ni ba, amma da aka ce wa zai taimaka, shi ya nuna ni da haɓa.

Aka kawo bokiti biyu daga famfo. Na tsoma hannu na ji ruwan da sanyi. Na ce a ɗan jira. Wani dattijo ya ce lokaci na tafiya, ai yanzu duk ɗaya ne a wurinsa. Na nufi kicin.

Na tarar da Baba Ƙarami a can, tsugune gaban risho da babbar rigarsa, ya riga ya ɗora butar ƙarfe. Ya matsa mini. Muka tsuguna tare muna jiran ruwan ya yi ɗumi.