Jakar da Ba Tawa Ba

Shekara bakwai ina yawon tallar kayan asibiti, ban taɓa ɗauko jakar wani daga filin jirgi ba sai a wannan tafiyar. Baƙa ce irin tawa sak. Da na buɗe ta a ɗakin otal, sai ga riguna a goge, kowace da safarta. A gefe ga magani cikin ambulan, da rubutun mace: "Bayan karin kumallo, kar ka manta."

Na daɗe ina kallon rubutun kafin na kira lambar da ke jikin jakar. Ashe mai ita, wani injiniya, a otal ɗin ya sauka shi ma.

Muka haɗu a ƙasa, ya miƙo min tawa yana dariya. "Malam, wa ya shirya maka kayan nan? Kamar an koro ka."

"Ni na shirya abina."

"Ka huta. Ni mai ɗakina ko safa ba ta bari in zaɓa, har ta ishe ni."

Na ce Allah ya ƙara haƙuri, amma a raina haushinsa nake ji. Na koma sama na nemi aron dutsen guga.