Baƙon Ɗaki Na Ɗaya

Shekara uku ina manajar Masaukin Ladan a Tambuwal, amma Baba bai taɓa furta kalmar otal ba. In aka tambaye shi a Kebbe wane aiki Hafiza take yi, sai ya ce tana lafiya. In mai tambaya ya nace, sai ya ƙara da cewa tana gaishe ku.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa roƙonsa ya yi alfahari da ni ba. Albarka kawai nake so ya sa wa aikin, ko da sau ɗaya, ko da cikin tari ne.

Masaukin tsohon gidan ƙasa ne na wani attajirin fata, ya haura shekara ɗari. Jikansa da ke Abuja ya gyara shi, ya fitar da ɗakuna shida, ya sa esi da bahon wanka, ya rataye faifai a bango. Masu kuɗi suna tasowa daga nesa su kwana a ɗakin ƙasa, su tafi suna godiya. Mu da aka haifa a irinsa ba mu san gata aka yi mana ba.

Da Baba zai zo ɗaurin auren ɗan amininsa a farkon damina, sai na haɗa baki da Inna, aka ce masa gidan biki ya cika. Yayana Attahiru ya kawo shi a babur, ya sauke shi a ƙofar zaure, ya juya tun kafin a tambaye shi komai.

Na ba shi ɗaki na ɗaya, wanda ya fi kowanne. Na nuna masa gado, na nuna masa tawul huɗu da farar rigar wanka da ƙaramin sabulu mai ƙamshin lemo. Bai dubi ko ɗaya ba. Babana Malam Sambo magini ne, shekara arba'in yana kwaɓa ƙasa, kuma magini in ya shiga ɗaki sama yake fara gaisarwa. Ya daɗe yana kallon azarar rufin, ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana.

“Ina mai gidan, in gaishe shi?”

“Yana Abuja, Baba.”

“Yaushe shika dawowa?”

“Da babbar salla yakan leƙo.”

Ya ce to. Muna wucewa ta ofishina ya tsaya, ya sake ɗaga kai.

“Ke nan kika wuni?”

Na ce nan ne, daga safe har magariba. Ya sake cewa to.

Washegari ya je ɗaurin aure ya dawo. Bayan la'asar hadari ya haɗu a gabas, ina tsaye ina yi wa wasu baƙi biyu daga Legas bayanin tarihin zauren, sai na ga sun daina saurarena sun ɗaga wayoyinsu sama. Na waiwaya.

Baba ne a kan soro, sanye da farar rigar wankan otal, ya ɗaure ta tamau da igiyarta. Babbar rigarsa ta biki ce, ba zai ɓata ta ba. Ashe ya ari tsani a makwabta, ya kwaɓa ƙasa a bayan kicin cikin bokitin shara.

“Baba, don Allah ku sauko!”

“Wa yat toshe indararon ga?”

Na san amsar. Masu gyara ne suka liƙe indararo huɗu da siminti saboda ruwan da ke zubowa yana ɓata fenti, suka maƙala ƙwan lantarki a bakin kowanne. Da dare gwanin kyau, duk hoton masaukin da su ake ɗauka.

“Ruwa ba shi da hanya, ke Hafiza. Damina biyu shina kwana bisa azara. Ta uku tare za su sauko.”

Ɗaya daga cikin baƙin ta tambaye ni ko kullum ake yin wannan wasan, ko sai an nema. Na ce sai an nema.

Ya fasa simintin ɗaya bayan ɗaya, ya zuro mini ƙwayayen lantarkin naɗe cikin tawul kada su fashe. Ya bi tsagar rufin da yaɓe, ya fi daɗewa a daidai kan ofishina. Yana taka ƙasa ruwa ya sauko, indararo huɗu suka kama aiki, fentin mai gida ya sha jar ƙasa daga sama har ƙasa. Baƙin suka tafa. Baba ya dube su, ya tambaye ni ko lafiyarsu ƙalau.

Da safe Attahiru ya zo ɗaukarsa. Na leƙa ɗakin, na tarar gadon yadda na gyara shi, don a kan dardumar salla ya yi kwana biyun. Ya wanke rigar wankan da ƙaramin sabulun, ya ninke ta. Ta koma ruwan ƙasa, kuma haka za ta zauna.

A ƙofar zaure na daure na ce, “Baba, ba ku ce komai ba a kan aikina.”

Ya gyara zama a bayan babur, ya ce rufin yana son yaɓe duk shekara kafin ruwan farko, kuma kada in bari a kira masu siminti. Babur ya tashi. Na koma ofis na rufe ƙofa na yi kukana, sannan na kira Abuja na sha faɗa a kan fenti.

Bayan sati ɗaya Inna ta kira ni. Ta ce jiya wani makwabci ya tsaya a ƙofar gida, ya tambayi Baba wai shin wane aiki Hafiza take yi a Tambuwal. Ita tana tsakar gida tana jiran ta ji an ce tana lafiya.

“Mi yac ce, Inna?”

“Cewa yay yi, ‘Otal taka riƙo. Babban gida na, na mutanen da. Rufin ni ka duba mata shi.’”