Rumbun Tsimi

A gidan da aka kai ni aure, a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar, rumbu uku ne. Biyu na ci, ɗaya ba a taɓa shi, shi ake kira rumbun tsimi. In kaka ta yi kyau sai a cika shi da damman gero, a yaɓe bakinsa da laka, a bar shi don shekarar da ruwa zai ƙi. Surukina, wanda nake ce wa Baba, haka ya gaje shi. Ko suna ko biki ba a fasa shi.

'Yata Kyauta ita kaɗai ta tsaya mini, sauran duk sun koma tun suna goye. Takan zauna a inuwar rumbun nan ita da Baba suna tsokanar juna.

"Amarya, in na mutu wannan rumbun ne gadonki," in ji shi.

"Wa zai auri tsoho mai haƙori biyu?"

"Ke nawa gare ki? Buɗe bakin mu gani."

Lokacin tana famfara, sai ta rufe baki da hannu ta ruga bayana.

Turawa sun daɗe da zuwa, amma mu ba mu taɓa ganinsu ba, sai dai saƙonsu. Da farko aka ce haraji ba a karɓar gero ko wuri, sai kuɗinsu. Daga baya wani mai jaki ya zo daga Gagarawa ya ce malamin ƙidaya yana bin gida gida yana duba rumbuna, mai uku kuma cikin masu arziki ake rubuta shi.

Maigidana Ɗantsoho ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, gara mu fasa shi da hannunmu. In suka rubuta uku, a kan uku za su riƙa yanka mana har mu mutu, ko da babu ƙwaya a ciki."

"Wannan ba dukiya ba ce, yaro. Abincin shekarar da ba ta zo ba ne. Ka gaya musu haka."

"Takarda ba ta jin Hausa, Baba."

Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Aka fasa rumbun, aka kai geron kasuwar Maigatari. Ba mu kaɗai ba, duk ƙauyukanmu haka aka yi, gero ya cika kasuwa har ya zama kamar banza. Da malamin ya zo ya tarar da biyu, ya rubuta biyu. Mutane suka riƙa yaba wa Ɗantsoho dabara.

Da damina ruwa ya sauka muka yi shuka, ya ɗauke. Muka sake, ya sake ɗaukewa. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone. Haraji kuwa bai ɗauke ba, awakinmu suka tafi a kansa. Muka cinye rumbu biyun, muka koma tafasa, muka koma sussukar ƙarangiya, har gidan tururuwa muka tona. Baba ya riƙa tura wa Kyauta ƙwaryarsa yana cewa ango ba ya ci gaban amarya. Shi ya fara rasuwa.

Wana Manu yana can arewa, a garin da aka haife ni, tafiyar wuni. Su ruwa ya ɗan taɓa su. Da yunwa ta kwantar da Kyauta, na bar ta wurin ubanta na tafi neman gero. Manu bai bari na gama magana ba ya ɗora mini gero a jakinsa.

Hanyar nan ita aka biyo da ni ranar aurena, babu kogi babu dutse. Amma yanzu an kafa wani ginshiƙi a tsakiya, wai daga nan ƙasar Faransa ce, ga gardi, wato dogarinsu, zaune da jar hula. Da zuwa bai kula ni ba. Da dawowa ya riƙe igiyar jakin.

"Baiwar Allah, hatsi ba ya fita. Kumandan ya hana."

"Ɗan'uwana, geron wana ne. Shi ya noma, shi ya ba ni. 'Yata ce kwance."

"Mutum ya wuce, hatsi ya tsaya. In kina so ta ci, kawo ta nan."

Hausarsa irin tawa ce. Na durƙusa masa, ya kau da kai. Na mai da jakin wurin Manu, na koma gida da ƙafa, na goyo Kyauta. Yarinyar da ta isa ɗaukar tulu, amma ban ji nauyinta ba.

A hanya ta ce, "Inna, Kawu rumbu nawa gare shi?"

"Uku."

"Su ba a ƙirga musu ba?"

Na ce ta yi shiru ta huta, an kusa. Sai ta kwantar da kai a bayana.

Mun isa da ranta. Talatu matar Manu ta dama kunu mai ruwa-ruwa, na ɗaga kan Kyauta na ba ta da ludayi, ya dawo ta gefen baki. Na sake, ya sake dawowa. Geron da ke gidan ya isa ya riƙe ta har wata damina. Kafin gari ya waye ta cika. A can aka binne ta, kusa da uwata.

Manu ya ce in zauna. Na ce ubanta yana jiran labari, ba zan bari ya ji a bakin wani ba.

Da na zo ginshiƙin gardin nan ne dai. Ya ga zanen goyo a naɗe a hammatata ya ce, "Me kika ƙunso?"

Na ce babu komai.

Ya karɓa ya warware, ya kakkaɓe shi da kyau ya duba ƙasa, sannan ya miƙo mini ya ce in wuce.