Ranar Karrama Baba Tiyo

Karo na huɗu ke nan ana cewa Baba Tiyo ya miƙe a ɗauki hoto, shi kuwa tun a karo na biyu gwiwoyinsa suka ce ba da su ba. Ya dafa kujerar roba ya tashi. An sa masa farar riga mai hotonsa a ƙirji, hoton da aka ɗauka tun yana da kumatu, a ƙasa an rubuta GWARZONMU. Shekara ashirin da uku yana riƙe tiyon ruwa a ofishin 'yan kwana-kwana, har sunan ya bi shi, ba wanda ya taɓa buga masa riga. Sai da ciwon daji ya kama shi a wuya, ya sha yanka da ƙarin ruwa na wata takwas, ya fito ba gashi ba tsoka, sannan aka tuna gwarzo ne. To, Allah ya amfana.

'Yan sa kai ne suka shirya taron a harabar ofishin, ƙarƙashin wata nas da ta yi jinyarsa. Rumfa biyu aka kafa. Ɗaya ta jawabi ce, ɗayar an zagaye ta da labule, a ciki likita za ta duba mutum ɗari kyauta, kowa da katinsa, ƙarfe huɗu ta tattara ta tafi.

Shi dai taron bai dame shi ba. Saboda mutum guda ya yarda da wannan wahala: Direba, wanda ya yi shekara goma sha tara yana jan sa a jar mota. Wata biyu da suka wuce matar Direba ta same shi har gida, ta ce wani ƙullutu ya fito wa mijinta ƙarƙashin kunne, ga rama, ga shi ko sunan asibiti ba ya son ji. Ya ma tsiri naɗa ƙyalle a wuya, wai sanyi yake ji. Sau uku Baba Tiyo yana yi masa maganar, sau uku yana mayar da ita raha. Shi ya sa da nas ta zo da batun karramawa ya ce ya amince, amma a kawo likita har harabar ofishin, a kuma ware wa abokan aikinsa kati goma sha biyu.

An ware, an ba su hannu da hannu. Sai dai an manta da halin mutanen. Tun asuba su suka kafa rumfuna, suka jera kujeru, suka ja igiya suna shirya layi. Da jama'a suka yi yawa kati ya ƙare, wannan ya zaro nasa ya ba wata tsohuwa, wancan ya ba mai goyo, kafin azahar ba ko ɗaya a aljihunsu, har da na Direba. Haka aka horar da su: sai kowa ya tsira ɗan kwana-kwana yake tunanin kansa. Kuma wa ya horar da rabinsu? Shi ɗin nan da ke zaune da hotonsa a ƙirji. Haushi ya cika shi, ya rasa wanda zai zaga.

Ƙarfe uku da rabi ya lallaɓa wajen nas. Ta gaji ita ma, murya ta dishe. Ta ce wallahi babu saura, sai kati guda da aka ajiye masa a matsayin babban baƙo, don masu hoto su ɗauke shi yana shiga. Ya karɓa ya ce a bar masu hoton su huta.

Ya tarar da Direba a bayan jar mota yana goge madubi da bai da datti.

"A'a, gwarzo da kansa! Mutumina, wannan na jikin rigar ya fi ka kyau."

Baba Tiyo bai yi dariya ba. Ya jingina da motar, ya ce kwana biyun nan yana jin wani abu a inda aka yanka, kuma ba zai iya shiga rumfar can shi kaɗai ba. Ƙarya ce, irin wadda mutum ke yi gabansa na faɗuwa kada bakinsa ya kama shi. A zuci ya nemi gafarar Allah.

Direba ya daina goge madubin. Ya ce ai ga nas can, ta raka shi.

"Ka taɓa ganin an shiga gini mai ci da wuta mutum ɗaya?"

"Ni direba ne, a waje nake tsayawa wajen famfo."

"Shekara goma sha tara kana waje ina ciki. Yau ɗaya dai ka shigo."

Direba ya rataye tsumman hannunsa a ƙofar mota ya bi bayansa.

Cikin rumfar zafi kamar ɗakin girki. Likita ta ɗago da jajayen idanu ta miƙo hannu. Baba Tiyo ya ajiye katin a tebur, ya ce na wannan bawan Allah ne, sannan ya jawo kujera ya zauna daidai bakin labule, ya miƙe ƙafafu. Direba ya dube shi, ya dubi hanyar fita. In zai wuce sai ya ture marar lafiya, shi kuwa ko a mafarki ba zai yi ba. Ya ce amanar ke nan? Baba Tiyo ya ce ita ke nan, ya je ya kai ƙara.

Likita ba ta da lokacin rigimar tsofaffi. Ta ce ya kwance ƙyallen. Ta bi wuyan da yatsu tana tambayar sunan yaransa, yana amsawa da zolaya, har yatsun suka tsaya wuri guda. Ta daina tambayar yara. Ta tambayi tun yaushe, ta duba hammata, ta koma tebur ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce gobe da sassafe ya je babban asibiti da wannan takarda, kada ya ci komai, kuma kada ya ce sai wani sati.

Baba Tiyo ya san wannan muryar, da ita aka yi masa magana shekara uku da suka wuce. Wata biyu yana roƙon Allah ya shigo da mutumin nan rumfar, ga shi an amsa masa, amma bai ji komai ba sai gajiya da tausayi. A waje lasifika ta fara kiran gwarzo ya zo ya karɓi lambar yabo, ana tafi.

Direba ya ninke takardar gida huɗu, ya kasa samun bakin aljihu. Bai ɗago ba ya yi tambaya, a hankali, yadda likita ba za ta ji ba.

"Abin da suka yi maka ɗin nan, akwai zafi?"

"Akwai," in ji Baba Tiyo. "Ƙarfe shida zan zo ƙofar gidanka. Ni zan tuƙa."